Shekarar da Aka Sa Babanku a Fensir

Ummi, ranar Sallar da ta wuce muna zaune kan tuwo a falo, ƙaninki Kamal ya ɗauko hirar shagon babanku na unguwar Camberwell a nan London, sai kika ajiye cokali kika ce da Turancinki, ko kallona ba ki yi ba:

"Mum closed it. He never got a say."

Wato ni na rufe, shi ko tambayarsa ba a yi ba. Na ji ki sarai. Ban tanka ba ne don mijinki yana wurin, kuma ban saba tone-tonen gida a gaban suruki ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. E, ni na mayar da makullin shagon. Ba gafara nake nema ba, kuma da za a dawo da shekarar nan da na sake mayarwa. So nake ku san yadda aka yi, domin a lokacin ke jarrabawa ce a gabanki, Kamal kuma ban da ƙwallo ba komai a kansa, babanku kuwa, Allah ya ji ƙansa, ba mutum ne mai bayani ba.

Kun tuna shagon. Ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yake, cikin rumfunan nan na bulo, inda in jirgi ya wuce sai shayi ya yi rawa a kofi. Babanku ɗan birnin Zariya ne, a zauren kakanku ya koyi aikin wuyan riga da hannu, aska biyu da aska takwas da sauran zanen da shi kaɗai ya san inda ya samo su. Abokin aikinsa Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi, shi ke kan keke yana haɗa riga, babanku yana gefe kan tabarma da allura. In Sallah ta gabato ba wurin sa ƙafa, mutanenmu daga Peckham har Dagenham kowa da shaddarsa a leda yana roƙon a sa shi gaba. Da shagon nan da albashina na asibiti, inda nake wanke tsofaffi ina juya su a gado, muka riƙe gida muka yi muku makaranta. Hayar shagon kuwa da sunana take, domin masu gadar ba su yarda da tela ba, sai mai payslip, takardar shaidar albashi.

Daga nan Madam Helen ta shigo rayuwarmu. Baturiya ce, ita ke shugabancin sashen tufafi a wani kamfani mai shirya wasan talabijin mai dogon zango, labarin sarakuna da fatake na wata ƙasa da babu ita a duniya. Ta ga babbar riga a jikin wani direbansu ranar Juma'a, ta tambayi wa ya ɗinka, ta biyo sawu har ƙarƙashin gada. Ba zan ci zalinta ba, shekarun farko sun yi daɗi. Duk zangon wasa babanku ke yi wa sarakunansu da fadawansu riguna, tana biya a kan lokaci, tana zama kan benci ta sha shayinmu mai citta tana tari tana cewa da daɗi. Da aka yi wa babanku aikin ido ta aiko da furanni, shi kuma duk babbar Sallah sai na yi mata dambun nama ya kai mata da kansa. A nan ya fara ce mata uwar ɗakinsa. Ku 'yan London kuna jin kalmar kamar wasa. A gida, in mutum ya ɗauke ka ya zama ubangidanka ko uwar ɗakinka, ba takarda a tsakaninku, zai tsaya maka ranar farin cikinka da ranar makokinka, kai kuma in ya ce ka jira sai ka jira. Babanku ya ɗora wa baiwar Allah nan rawanin da ba ta san an ɗora mata ba, ya kuma ɗora wa kansa duk abin da ke biye da shi.

Su kuma masu fim suna da nasu tsarin, kuma da shi aka yanka mu. In suna sa ran aiki amma bai tabbata ba, sai su bugo waya su ce sun sa ka a fensir. Ma'ana sun rubuta sunanka da abin da ake iya gogewa. Ba su biya ka ba, ba su ɗauke ka ba, amma ka ajiye musu lokacinka. In aikin ya zo su kira ka, in bai zo ba su goge, ko sannu babu. Turawan da ke wannan harka sun san kan abin, kowa yana da fensir uku ko huɗu a wurare daban, wanda ya fara tabbatarwa shi ake bi, kuma ba wanda ke jin haushi. Babanku kuwa in aka ce an sa shi a fensir sai ya ce "to, Allah ya kai mu", kuma a wurinsa magana ta ƙare, alkawari ya ɗauru.

Shekarar da nake ba ku labari, sai aka fara raɗe-raɗin kamfanin zai kwashe wasan ya koma wata ƙasa a gabashin Turai. Gwamnatin can ta ce duk wanda ya kawo fim ƙasarta ya kashe kuɗi, za ta mayar masa da kaso mai tsoka. Ta nan ma tana mayar musu, sai dai ta can ta ɗara. Shi ke nan masu kamfanoni suka kama kuka, wai in ba a ƙara musu rangwamen haraji ba za su naɗe kamarorinsu su tafi, dubban ma'aikata su shiga uku. Ni abin har dariya ya ba ni, dariyar takaici. Ni da ake zare mini haraji tun kafin albashin ya taɓa hannuna, ban taɓa zuwa na ce wa gwamnati in ba ta rage mini ba zan koma wata ƙasa in wanke tsofaffinsu ba. Da na faɗa ma da wa zai saurare ni? Amma mutane masu gidaje a ƙasashe uku suka ce za su yi yaji, sai ga manya suna rawar jiki ana neman yadda za a yi biko.

Madam Helen ta zo shago da kanta, ranar ina wurin na kawo musu abincin rana. Ta zauna, ta riƙe kofi da hannu biyu, ta yi magana a hankali da Turanci, ni kuma ga abin da ta ce:

"Tanimu, an dakatar da sabon zango sai an ga abin da gwamnati za ta yi. Amma in muka zauna, aikin zai fi na kullum, kuma za mu buƙace shi da gaggawa. Na sa ka a fensir daga yanzu har ƙarshen shekara."

Babanku ya dafa ƙirji ya ce to. Baba Issaka ya ɗago daga kan keke ya dube ni, na dube shi.

Ba a yi nisa ba sai ga Rifkatu, abokiyar aikina a asibiti, 'yar Filato, shugabar zumuntar mata a cocinsu na Dagenham. Ta kawo aikin da duk tela a London zai yi sujadar godiya a kansa: kayan mawaƙan coci gaba ɗaya, da ankon matan zumunta, da rigunan dattawa, aikin watanni, kuma za su ba da kafin alƙalami. Babanku ya tarbe ta da fara'a, ya ba ta shayi, ya ce ta yi haƙuri hannunsa a ɗaure yake. Ta dubi teburin yanka, fayau, ko ƙyalle babu. Washegari a wurin aiki ta ja ni gefe.

"Maman Ummi, maigidanki lafiya kuwa? Na kai masa abinci har baki ya ce mini ya ƙoshi."

Na dawo gida raina a ɓace. Na jira kuka shiga ɗaki, na same shi a kicin yana wanke kofinsa.

"Malam, fensir ake dafawa a gidan nan?"

"Asabe, na riga na ce mata to."

"Ita me ta ce maka? Ta ba ka ko sisi?"

"Ta ce in jira. In na karɓi aikin coci, gobe ta bugo ta ce ga riguna ana so mako mai zuwa, in ce mata me? In kunyata ta gaban manyanta, ko in kunyata Rifkatu gaban cocinta?"

"Turawan da kuke aiki tare kowa fensir nawa gare shi?"

"Su ke nan. Ni ba a haife ni da baki biyu ba."

Haka ya ce, ya kife kofin ya fita. Kuma ba aikin coci kaɗai ya kora ba. Azumi ya zo, masu ɗinkin Sallah suka fara kawo shadda, ya riƙa karɓar ƙananan gyare-gyare yana mayar da manyan riguna, wai kada aiki ya rutsa shi da kayan mutane a hannu. Mutum kuwa in ka mayar da shi sau ɗaya ana gobe Sallah, ya sami wani tela, ba ya dawowa. Baba Issaka da ake biya kan abin da ya ɗinka ya zauna yana gyara zif ɗin wando. Wata rana ya tare ni a bakin gada, ya rage murya, da Hausarsa ta zango da ba ta raba mace da namiji:

"Hajia, mata nan ya ɗaure mu kaman akuya, ciyawa ma bai zuba. Ka yi ma Malam magana. Ni ina da yara."

Na ce na yi, Baba, har bakina ya gaji. Hayar shago kuwa ba ta san fensir ba, duk wata tana zuwa, kuma daga albashina take fita. Na fara karɓar ƙarin shift, wato ƙarin awannin aiki, Asabar da Lahadi, har bayana ya fara ciwon da nake fama da shi yau.

Ana cikin haka Madam Helen ta sake bugowa, ba da aiki ba, da roƙo. Masu fim sun shirya taro a wani zaure kusa da Charing Cross, a layin nan na ofisoshin gwamnati da na jakadanci, za su gayyaci 'yan majalisa su nuna musu mutanen da za su rasa abinci in fim ya bar ƙasar. Tana so babanku ya zo da kayansa na gargajiya, ya kawo mafi kyawun rigunansa da takardun zanensa a baje. Murna kamar an ce masa ga kujerar Makka. Ya fito da farar shaddarsa mai aska takwas da ya yi wa kansa, na goge masa, ya kafa hula. Na bi shi don in riƙe masa jaka, kuma don zuciyata ba ta kwanta ba.

Abin da na gani a zauren nan har yau in na tuna sai jinina ya hau. Akwai kafintoci, masu fitilu, direbobi, mata masu gyaran gashi, duk an jera su a baya. Babanku aka sa a gaba, tsakiya, domin rigarsa tana ɗaukar hoto. Masu kwat suka riƙa zuwa suna shafa hannun rigar suna jinjina kai, wani har ya tambaye shi ko a ƙasarsu shi basarake ne. An kawo abinci, burodi da naman alade a tsakiya, ba wanda ya tuna akwai Musulmi a cikin waɗanda aka zo ceto. Ruwa ya sha. Azahar ta yi, ya shimfiɗa ɗankwalina a lungu wajen da ake rataye riguna ya yi sallarsa. Da lokaci ya yi wata yarinya mai waya a kunne ta karanta masa abin da zai faɗa, ya tsaya gaban makirufo ya faɗa da Turancinsa na Zariya cewa in fim ya tafi shagonsa ya mutu, sana'ar kakanninsa ta mutu a ƙasar nan. Aka yi ta tafi. Na ga wata 'yar majalisa tana share ido. Shugaban kamfanin, wanda bai taɓa taka ƙarƙashin gada ba, ya rungume shi gaban kamara kamar tare suka yi yarinta. Da za mu tafi aka ce a bar rigunan da takardun zanen, akwai sauran tarurruka. Na ce masa a kunne kada ya bari. Ya ce mini, "Kayan uwar ɗakina ne in ta nema." Sai bayan watanni aka dawo da su a kwali, a ninke tsaf.

Gwamnati ta ƙara musu rangwamen. A rediyo muka ji da safe ina shirin fita, babanku ya ɗaga hannu sama yana hamdala, ya ce in soya waina a kai masallaci sadaka. Kuma na soya, ni da hannuna, na tsaya kan tanda da ciwon baya ina soya wainar murnar an yafe wa attajirai haraji. Daga ranar wayarsa ta koma aljihun gaban rigarsa, ko wanka zai shiga sai ya ajiye ta a bakin ƙofa ya ce wa Kamal in ta yi ƙara ya buga masa. Muka ji kamfanin ya fasa tafiya, har ya kama katafaren wurin ɗaukar fim a wajen Dagenham. Muka ji an fara gina kasuwar ƙarya da fadar ƙarya. Waya shiru. In na yi magana ya ce suna da hidima da yawa, za a zo kansa.

Baba Issaka ne ya kawo labarin. Ɗan ƙanwarsa yana ja musu babbar mota. Bai iya faɗa wa babanku ba, ni ya samu.

"Hajia, kaya ya riga ya zo. Cikin kwali, daga waje. Injin kwamfuta ya yi shi. Yaro nan ya ɗauki hoto ya nuna mini, zanen Malam ne, na rantse da Allah."

Ban gaya wa babanku ba a ranar, ina neman bakin da zan fara. Kafin in samu sai ga wayar ta yi ƙara. Madam Helen ce, ta ce ya zo Dagenham jibi da sassafe, ya zo da kayan aikinsa. Ya aske gemu, ya sa tef da alli da almakashi a jaka, yana tsammanin awo zai ɗauka. Na ɗauki hutu a wurin aiki na ce zan raka shi. Ya yi mamaki amma bai hana ba.

Ashe ba awo ba ne. Akwai wani wuri a wasan da jarumin zai ratsa kasuwa, kuma darakta yana son a ga tela na gaske a rumfa, wai hannun wanda ya iya daban yake da na ɗan wasa. Aikin yini ɗaya, irin wanda ake ba masu cika fage. Aka sa masa tsohuwar riga, aka shafa masa ƙasa a fuska, aka zaunar da shi a rumfar katako da fenti, aka ɗora masa babbar riga a cinya. Daga inda nake tsaye bayan igiya na ga lokacin da ya juya wuyan rigar ya gane zanen. Ya shafa shi da babban yatsa, ya juya bayansa ya duba, ya daɗe. Ya zaro allurarsa ya zura zare, sai wani saurayi ya rugo ya ce a'a, a cire zaren, domin za a maimaita ɗaukar sau da yawa kuma dole rigar ta kasance yadda take kowane karo. Haka babanku, da girmansa da furfurarsa, ya yini yana soka allura babu zare cikin zanensa da inji ya kwaikwaya, ana cewa a tsaya, a sake, a tsaya, a sake.

Na nemi Madam Helen na same ta bayan wasu akwatuna. Turancina na asibiti ne, amma ranar ya ishe ni. Na tambaye ta rangwamen da mijina ya tsaya gaban manya ya roƙa musu, ina rabonsa? Fuskarta ta yi ja. Ta ce ita ba ta so haka ba, daga sama aka yanke. Ta ce dokar ba ta ce a ɗinka a nan ba, muddin a ƙasar nan aka sa rigar gaban kamara, ko a ina aka ɗinka ta ana lissafa ta cikin abin da gwamnati ke mayarwa. Na ce to tun yaushe ta sani? Ta kau da kai. Na ce me ya hana ta ɗaga waya ta ce masa ya nemi wani aiki? Sai ta ce, idonta da ƙwalla:

"Ban ɗauka zai jira ba. Ba wanda ke jira. Ni ma kaina a fensir nake."

Wataƙila gaskiya ta faɗa. Ban ji tausayinta ba a ranar, kuma ban ji ba har yanzu. Shekara nawa tana cin dambuna, ta isa ta san irin mutumin da take cewa ya jira.

A tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna dawowa, ƙasar da aka shafa masa ba ta gama fita daga bayan kunnensa ba. Na sa gefen mayafina ina goge masa. Na zaci yau dai idonsa ya buɗe, ina ta shirya kalaman lallashi. Sai ya ce, yana kallon takalminsa:

"Ta ce akwai gyare-gyare da za su taso. Zango mai zuwa ta sa ni a fensir."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce Allah ya kai mu."

A nan na yanke. A watan ne masu gadar ke jiran in sa hannu a sabunta haya na wasu shekaru, kuma sun ƙara. Hayar gidanmu ta fara makara, council, hukumar unguwa masu gidan, sun fara aiko da gargaɗi. Na duba na ga in na sa hannu, zan ci gaba da karya bayana ina biya wa kamfanin fim ɗakin jira, har ranar da za a fitar mana da katifu waje ku kuna kallo. Washegari na je ofishinsu na ce ba zan sabunta ba. Ƙarshen wata na kai makulli. Ban shawarce shi ba, gaskiyarki ce Ummi, domin na san amsar, kuma na san in ya ce mini kada in yi ba zan iya tsallake maganarsa ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Ya sami aikin gadi a wurin ajiye motoci, ya riƙa sa baƙar rigar roba da wani ya ɗinka a masana'anta. Bai ƙara riƙe allura ba, ko maɓallin rigarsa ya cire ni nake mayarwa. Ranar bikinki, rigar angonki Baba Issaka ya ɗinka a ɗakinsa, babanku ya ce idonsa ba ya gani, alhali yana karanta ƙananan rubutun jarida. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya dai koma yi mini ladabi irin na baƙo, in na kawo abinci ya ce an gode, in na fita ya ce a dawo lafiya. Ku kuka ga uba ya yi sanyi, kuka duba kuka ga wa ya kai makulli, kuka haɗa lissafinku. Su kuwa wasansu ya ci gaba, suka karɓi kyaututtuka, kuma har yau in na kunna talabijin sai in ga wani mai kwat yana bugun ƙirji wai rangwamen nan ya ceci ayyuka. Ya ceci wasu, ban musa ba, ɗan ƙanwar Baba Issaka har yanzu yana jan motarsa. Amma mutumin da suka sa a gaba ranar roƙo, ba wanda ya dawo ya tambayi ina yake. Da harajina aka biya injin da ya kwashe masa zane, kuma ni 'ya'yana ke kallo a matsayin wadda ta kashe shago. Wannan ne abin da ban yafe ba.

Saura abu ɗaya da ba ku sani ba, domin kuna makaranta lokacin. Ranar da na kai makullin na dawo na same shi a falo bayan la'asar, yana zaune kan dadduma. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, na mayar da makullin shago."

Ya shafa addu'arsa. Sannan ya ce:

"Kekunan fa?"

"Baba Issaka ya kwashe. Zai ci gaba a gidansa."

"To, madalla. Yana da yara."

Na zaci shi ke nan. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce:

"Asabe, da kin bari na je na same ta tukuna. Ba a barin ƙofar mutum haka kamar ɓarawo. Da ta ce mini na gode, je ka, na sallame ka, da ni da hannuna zan rufe."

Fushi ya taso mini, fushin shekara guda, da na waina, da na ƙasar bayan kunne. Na ce:

"Ba za ta ce ba, Malam. Ba ta ma san ana cewa ba. In sallama kake jira, to ni na sallame ka."

Ya ɗago ya dube ni. Wallahi da fushi na gani a idonsa da na ji sauƙi. Babu fushi. A hankali ya ce:

"Ai ba ke kika ɗauke ni ba."

Ya naɗe daddumarsa ya shiga ɗaki.